Daɓen Da Ya Ƙi Bushewa

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, domin garinmu ƙarami ne, wanda ya san ni layi biyu zai karanta ya gane. Don Allah jama'a ku ba ni shawara, kuma ta gaggawa, kaina ya kulle kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni mai fenti ne, a Birnin Gwari aka haife ni, a Kaduna na koyi aiki wurin wani oga shekara shida. A hannunsa na koyi ifoksi, wannan shafin da ake yi wa daɓen siminti ya fito sumul yana ƙyalli kamar tangaran, ko baƙin mai ne ya zuba a kai gogewa kawai za a yi. Bara na dawo gida, ina ta fentin shaguna da ƙofofi, ban samu aikin ifoksi ko ɗaya ba, har abokai sun fara tsokanata wai na je birni na koyo abin da babu mai nema. To a bana aikin ya zo, kuma kawuna ne ya kawo mini shi har gida.

Kawun nan wan mahaifiyata ne, birkila ne tun ban san kaina ba. Da mahaifina ya rasu shi ya kwaso mu ni da Inna da ƙannena ya ajiye a gidansa, bai taɓa nuna mana bambanci da nasa 'ya'yan ba, shi ya kai ni mota ranar da zan tafi Kaduna. Da yana haɗa gini da noma, yana da gona can ta wajen daji, amma kun san halin da ake ciki, shekaru ke nan bai taka ta ba. Yanzu cokalin gininsa da sunansa su ne duk abin da ya mallaka, kuma sunan nan wallahi mai kyau ne, a unguwarmu in aka ce Kawu ya faɗi abu to babu mai sake tambaya.

Mai aikin zan kira shi Hedimasta, don tsohon shugaban makarantar firamare ne da ya yi ritaya. Kirista ne daga kudancin Kaduna, amma ya fi ni daɗewa a garin nan, kuma shi da Kawu aminai ne tun suna samari, rabin ayyukan da Kawu yake samu Hedimasta ne yake nuna shi. Babban ɗansa da ke aiki a Kaduna ya saya masa a-kori-kura don kwaso masara daga gonarsa ta wajen Kuyello, kuma a nan ba a barin mota da kaya a waje, dole a samu inda za a kulle ta. Shi ne aka gina gareji a cikin gidan, Kawu ya yi ginin ya zuba kankaren ƙasan a ƙarshen watan takwas. Ɗan ne ya ga ifoksi a Kaduna ya ce shi yake so a yi wa babansa, Kawu kuwa ya ce ai ga ɗansa nan ya iya.

Ga waɗanda ba su sani ba, shafa ifoksi ba shi ne aikin ba, wannan wuni ɗaya ne ko biyu. Aikin shi ne shirya ƙasan. Sabon kankare sai ya yi aƙalla kwana ashirin da takwas, sai ya bushe har ciki ba sama kawai ba, sai an gurje fuskarsa ya yi ɗan kaushi, kuma kar a samu maiƙo ko kaɗan. In ka yi gaggawa ka shafa a kan danshi, bayan 'yan watanni zai kumbura ya yi ƙuraje, ya riƙa ɗagowa kamar ɓawon dafaffen dankali. Ogana yana korar mutum a kan wannan kaɗai.

Rigimarmu ta farko da Kawu ma ta dariya ce. Ya yi daɓen irin nasu na da, ya barbaɗa busasshen siminti a kai ya bi da cokali har yana ɗaukar ido, yana ta alfahari wai ya sauƙaƙa mini aiki. Da na ce masa wannan santsin duk sai na gurje shi don ifoksi ba ya kama shi, sai ya haɗe rai, wai shi ya kwana biyu yana gogewa ni kuma na zo da ilimin Kaduna zan kankare. Hedimasta yana gefe yana dariya, ya ce a bar yaro ya yi aikinsa. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka kishin sana'a ne kawai.

Da kwanakin suka cika na fara gwajin danshi. Abu ne mai sauƙi, ka yanki leda mai kauri, ka shimfiɗa a ƙasa, ka manne gefenta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta ta kwana. Washegari in ka ɗaga ka ga ƙarƙashinta a bushe to alhamdu lillahi, in ka ga ta yi zufa to da saura. Na manna guda biyar, kusurwa huɗu da tsakiya. Huɗu suka fito fes, ɗaya kuma, ta can ƙurya ta hannun hagu, ta jiƙe sharkaf, har simintin ƙarƙashinta ya yi baƙi. Na ce to nan rana ba ta kaiwa, a ƙara masa mako ɗaya. Bayan mako na sake, abu yana nan yadda yake. Na hau sama na duba kwano, ba ya yoyo. Na zagaya na duba ko akwai famfo ko magudana ta jikin bangon, babu.

Haushi ya kama ni, don ni mutum ne da in abu ya ƙi mini ba na iya barinsa. Na yanka ƙananan ledoji da yawa na jera su a ƙuryar nan, duk wadda ta yi zufa sai in zana wurinta da alli. Kwana uku ina haka. Rana ta uku da na miƙe tsaye na kalli zanen allin, sai na ga ashe da'ira ce, zagaye tsaf kamar an ɗora babban faranti an zana, faɗinta ya kai in buɗe hannuwana biyu. Na ɗauko guduma na riƙa ƙwanƙwasawa a hankali daga bakin ƙofa ina matsowa, ko'ina ƙarar a cike take, ina shiga cikin da'irar sai ta koma kamar ana buga durom ɗin da babu komai a ciki. Amma har lokacin ban gane ba.

Matar Hedimasta ce, da muke kira Mama, ta buɗe mini ido ba tare da ta sani ba. Ta kawo mini kunu ta ga zanen, ta ce au, ai daidai nan tsohuwar rijiyarsu take, wadda Kawu ya cike kafin a yi ginin. Ta ce tunda aka yi burtsatse a layin ba a amfani da ita, kuma babu wani fili a gidan sai nan, shi ne aka kawo jar ƙasa a tifa aka cike ta, su lokacin ma suna Kaduna an kai Hedimasta ganin likitan ido. Na ce to Mama, na sha kunun ban ji ɗanɗanonsa ba. Tana shiga ciki na zagaya bayan garejin, wani ɗan lungu tsakanin bango da katanga inda zogalenta yake. Nan na ga bakin wani bututun roba ya ɗan leƙo daga gindin bango, an rufe shi da ragar sauro an ɗaure da waya. Na kai hannu na ji iska mai sanyi tana fitowa. Na kwance ragar na jefa tsakuwa, na ji tana gangarawa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan na ji tsulum.

Jama'a rijiyar tana nan da ruwanta. Ba a cike ta ba, rufe ta aka yi, aka zuba kankare a kai.

Ban tsaya ko wanke hannu ba na tafi wurin Kawu inda yake wani aikin katanga. Na ja shi gefe na gaya masa abin da na gani, ina tsammanin zai musa. Bai musa ba. Ya ajiye cokali ya kalle ni ya ce, "Rijiyar nan da ranta. Kakanka ne ya haƙa ta da hannunsa, ba ta taɓa ƙafewa ba. Ni ba zan binne ta ba." Ashe kakana na wajen uwa sana'arsa ke nan haƙar rijiya, kuma wannan ce ta ƙarshe da ya haƙa kafin ƙafarsa ta lalace. Kawu ya tuna mini shekarar da mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin gari da 'yan ƙullinsu, Hedimasta ya buɗe ƙofar gidansa, daga asuba har magariba ana jan ruwan nan bai ragu ba. Ya ce su a yadda suka taso, wanda ya binne rijiya mai ruwa ba ya gamawa lafiya, kuma ko da babu wannan shi hannunsa ba zai iya ba. Ya roƙi Hedimasta tun farko a bar ta, ɗan ya ƙi, sai ya ga in ya janye za a kawo wani birkilan da zai cike ta da gaske, shi ya sa ya karɓi aikin. Jar ƙasar da aka kawo ya baza ta ya ɗaga ƙasan garejin da ita, bututun kuwa ya bar mata ne wai ta riƙa numfashi.

Na tambaye shi me ya sa a bakin. Ya ce itacen ƙirya ya gitta masu kauri, ya ɗora tsohon kwano, ya jera 'yan rodi, ya zuba kankare daidai da sauran ƙasan. Ya ce ƙirya za ta binne ni ta binne 'ya'yana ba ta ruɓe ba. Na ce Kawu ba itacen nake tsoro ba, ƙasar da itacen yake zaune a kai nake tsoro, rijiyar nan ba ta da ginin siminti a wuyanta, kuma yanzu duk ruwan kwanon garejin a gindin bangon nan yake zuba. Na ce masa mota ce fa za ta tsaya a kai, a-kori-kura cike da buhunan masara, kuma in aka shigo da ita da baya, tayar baya ta hagu daidai cikin da'irar za ta zauna, na auna da tef. Nan ya fusata, ya ce shekara nawa yana gini ban taɓa jin nasa ya faɗi ba, yaushe aka haife ni, in je in shafa fentina in bar masa abin da ya sani. Ni ma raina ya ɓaci na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, har leburorinsa suka juyo suna kallonmu.

Gaskiya ni ba injiniya ba ne, ba zan rantse cewa zai rufta ba. Wataƙila ya shekara ashirin lafiya. Na ma yi ƙoƙarin lallashin kaina da haka, na hayo injin gurza da janareta na ci gaba da aikina kamar babu komai. To da na gurje wannan santsin na sama na share ƙurar, sai ga wata tsaga siririya kamar zaren ɗinki ta bayyana, kuma ba miƙewa ta yi ba irin tsagar da sabon kankare yakan yi, lanƙwasa ta yi tana bin zanen allina ta ɓangaren bango, kusan rabin da'irar. Na zuba ruwa a kofi a kanta, ya shige kafin in miƙe. Na sa alama a ƙarshenta da fensir, bayan ruwan sama biyu da aka yi na dawo na ga ta wuce alamar da kusan tsawon yatsa. Kuma har yanzu ko keke ba a ajiye a wurin ba.

Na koma wurin Kawu da lalama wannan karon. Na ce mu gyara ba sai an binne ta ba, a fasa wurin, a gina mata wuya da bulo, a zuba murfi mai kauri da rodi na gaske wanda zai zauna a kan ƙasa mai ƙarfi, ni zan yi masa lebura kyauta. Ya ce ta yaya za a fasa ƙasan gareji mai gida bai gani ba, kuma ranar da aka buɗe aka ga ruwa ɗan zai sa a cike ta a gaban idonsa. Na ce to ya je da kansa ya gaya wa Hedimasta, amininsa ne, zai fahimta. Sai ya ce ranar da suka dawo daga Kaduna Hedimasta ya tambaye shi ko an cike, ya ce an cike, shekara talatin da wani abu wannan ce ƙarya ta farko da ta shiga tsakaninsu, ba zai iya kallon idonsa ya warware ta ba. Na gaya masa na tambayi wani malami ba tare da na kama suna ba, ya ce babu laifi a cike rijiyar da aka daina buƙata, laifin yana ga ha'inci. Kawu ya ce malamin ai ba ubansa ne ya haƙa ba.

Da ya ga na ƙi sauka sai ya kai ƙarata wurin Inna. Ita ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce mutumin da ya rufa mana asiri ranar da babu mai kallonmu, shi zan tona wa nasa a kan fenti. Ta ce in maganar nan ta fita ba za a ce tsoho ya ji tausayin rijiyar ubansa ba, cewa za a yi birkila ya cinye aiki ya bar wa mutane rami, wasu ma su juya ta su ce Musulmi ya haƙa wa Kirista tarko a cikin gidansa, kuma kun san garinmu yadda yake a ɗame, magana irin wannan ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Wallahi ban iya ce mata ƙarya take ba, don ni ma na san haka za a ce. Ta ce in ba zan iya shafawa ba in ajiye aikin in yi shiru, ta yafe mini wannan, amma in na buɗe baki kar in ƙara kiranta Inna.

Abin da nake yi ke nan mako biyu, ja da lokaci. Kullum in je in ɗaga leda in ce wa Hedimasta da saura. Bawan Allah ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, yana gaya wa maƙwabta wai yaran yanzu ma akwai masu tsoron Allah, wani da tuni ya shafa ya wuce. Ya ciro fankar ɗakinsa ya kafa a ƙuryar tana hurawa duk lokacin da aka kawo wuta, Mama kuma ta riƙa kawo garwashi a kasko tana ajiyewa a tsakiyar da'irar wai ya taimaka. Tsofaffi biyu suna ta fama su busar da rijiya da fanka, ni ina tsaye ina kallo ina cewa sannu Mama. Duk ranar da ta taka wurin nan sai in yi sauri in ce ta kawo in ajiye mata.

Na yi ta tunanin in bi maganar Inna in ajiye aikin in ce ya fi ƙarfina. Amma in na tafi wani za a kira, ya shafa fentin ƙasa na gwangwani ya rufe tsagar, babu mai sake ganinta. In kuma ni na shafa ifoksin, na san zai kumbura daidai zagayen nan kafin wata damina, sunana ya lalace a aikina na farko, wannan ma shi ne ƙaramin abin, babban shi ne na rufe da hannuna abin da zai iya gargaɗin mutane. In na faɗa, na kashe Kawu da ransa, na raba abota ta shekara talatin, na rasa uwata. Babu wanda na zaɓa na ji na iya barci a kansa.

To yau da safe abin ya ƙwace daga hannuna. Ɗan ya bugo waya ya ce masara ta isa girbi ba za a ƙara jira ba, ranar Asabar zai biyo ayarin motoci ya kawo a-kori-kurar da kansa, da ifoksi ko babu a garejin za ta riƙa kwana, a shafa daga baya in an gama kwasar amfani. Hedimasta ya gaya mini haka yana murna, sannan ya dafa kafaɗata ya kalli ƙuryar nan da idonsa da ba ya gani sosai ya ce, "Ɗana, kai ne mai ilimin abin nan. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, akwai wata matsala a wurin nan ban da danshi?"

Na ce, "Babu Baba, danshi ne kawai."

Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba. Har jiya ƙaryar Kawu ce shi kaɗai, yau ta zama tamu mu biyu, kuma tawa ta fi muni, don shi ya yi imani wurin zai riƙe, ni kuwa na ga tsagar tana tafiya.

Don Allah masu ilimin gini a cikinku ku gaya mini gaskiya, murfi irin wannan zai ɗauki mota da kaya ko ba zai ɗauka ba? Iyaye da malamai kuma ku gaya mini, in koma gobe in ce wa Hedimasta na yi masa ƙarya in nuna masa bututun, ko in ba Kawu wa'adi zuwa Juma'a ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi fa? Akwai hanyar da zan hana motar nan shiga ba tare da na tozarta mutumin da ya raine ni ba? Kar ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi. Yau Laraba, kuma ni ne nake riƙe da makullin garejin, ranar Asabar hannu za su miƙo mini in ba su.